Fanshon 'yan sanda a hannun NPF Pensions: akwatin yana da ƙarfi, abin cikinsa ne kaɗan

Duk inda 'yan sanda uku suka zauna a Sakkwato, ko a gindin dogon yaro a bariki ko a bakin shinge a hanyar Illela, hira ba ta nisa sai ta gangaro kan albashi da ranar ajiye kaki. Ɗan sanda ba shi da ƙungiyar ƙwadago. Dokar ƙungiyoyin ƙwadago ta Najeriya ta hana shi kafa ta, ta kuma hana shi shiga ta wani. Malamin makaranta yana da NUT, likita yana da tasa, ko direban tanka yana da mai buga masa tebur a Abuja. Kofur da ke gadi a Sabon Birni sai dai ya ji a rediyo an ce an yi ƙarin albashi, ya jira ƙarshen wata ya ga ko ƙarin ya biyo ta kansa. A watan Fabrairun 2002 ƙananan 'yan sanda sun gwada yajin aiki, gwamnati ta kira abin tawaye, aka kori wasu, Sufeto Janar Musiliu Smith ya rasa kujerarsa ba da jimawa ba. Tun daga nan kowa ya san iyakarsa. Shi ya sa hidimar da ke riƙe da kuɗin tsufan ɗan sanda ta cancanci a zauna a duba ta da kyau, don ita ce kusan wuri guda da yake da asusu da sunansa, da lambarsa, da haƙƙin ya tambaya a ba shi amsa.

Kamfanin NPF Pensions Limited ya samu lasisi a 2014, kuma 'yan sanda kaɗai yake yi wa aiki. Kafin nan asusun 'yan sanda a warwatse suke a kamfanonin fansho daban-daban, aka tattaro su wuri guda. Aikinsa ya tsaya ne kan dokar fanshon karo-karo da aka kafa a 2004 zamanin Obasanjo, aka sake ta a 2014 zamanin Jonathan. Duk wata ana cire kashi 8 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci, gwamnati ta ɗora kashi 10, a zuba a asusunsa. Kafin 2014 kashi bakwai da rabi ne kowane ɓangare. Kamfanin yana juya kuɗin ne kawai, ba ya riƙe su a hannunsa. Wani kamfanin ajiya daban ne ke riƙe da su, hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, kuma tana sa ido a kan duka biyun.

Wannan rabon aiki shi ne abu na farko da za mu yaba, kuma yabo ne mai dalili. Wanda ya manta yadda tsohon ofishin fanshon 'yan sanda ya kasance, ya tuna shari'ar John Yakubu Yusuf a watan Janairun 2013, wanda ya amsa laifin hannu a sace biliyoyin kuɗin 'yan sanda masu ritaya, kotu ta ba shi zaɓin tarar naira 750,000, ya biya ya kama gabansa. Sai a 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da hukuncin ɗaurin shekara shida. Ya kuma tuna Abdulrasheed Maina, wanda aka kawo don ya gyara harkar fansho, aka ƙare da yanke masa shekara takwas a 2021. A wancan tsari kuɗi na zaune ne a tuli guda, wanda ke riƙe da ludayi shi ke rabo. A tsarin yanzu, in an zuba maka naira dubu goma sha takwas a watan Maris, za ka gan ta a bayanin asusunka da kwanan wata, kuma ba wani darakta da zai iya ƙirƙiro sunan bogi ya kwashe ta.

Sai dai akwati mai ƙarfi ba ya haihuwar abin da ba a zuba masa ba, kuma a nan kukan 'yan sanda yake. Bari mu yi lissafi a fili, da alƙaluman misali don a gane yadda abin ke tafiya. A ɗauka albashin da ake lissafin fansho a kansa naira 100,000 ne a wata. Kashi 18 ɗinsa 18,000 ke nan, a shekara 216,000. Amma wanda zai ajiye aiki bana ba da wannan albashi ya yi shekarunsa ba. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 18,000 ne a 2011, ya koma 30,000 a 2019, sai a 2024 ya kai 70,000. Kurtun da ke ɗaukar dubu ashirin a wancan lokaci, abin da ake tara masa a wata dubu uku ne. Dubu ukun nan ta yi riba, gaskiya ne, amma ribar ba ta kamo tsadar da ta biyo bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ba, lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024. An tara kuɗin ne sa'ad da naira ke da nauyi, za a ci su sa'ad da ta zama ganye.

Wani abin da yawancin jami'ai ba sa lura da shi a takardar albashi: ba duk abin da ke shigowa asusun banki ake lissafin fansho a kansa ba. Doka ta ce aƙalla a haɗa ainihin albashi da kuɗin gida da na sufuri. Alawus ɗin aiki na musamman, irin wanda ake ba 'yan kwantar da tarzoma in an tura su Isa ko Tangaza, ba ya shiga. Mutum zai yi shekara goma a bakin daga, ya kwana a daji, abokansa su mutu a gabansa, amma a idon asusun fansho daidai yake da abokinsa mai igiya ɗaya da shi da ke zaune a ofis yana buga sigina.

To a ce an kai ranar, asusun ya tara naira miliyan takwas. Kason da ake ba mutum a dunƙule, wanda kowa ke kira garatuti alhali ba garatuti ba ne, kuɗinka ne aka gutsuro maka, galibi yana kamawa daga kashi 25 cikin ɗari. Ana wuce haka ne kawai in ragowar za ta iya biyan fanshon da ya kai rabin albashin ƙarshe, kuma ga ƙaramin jami'i da wuya ta kai. Miliyan biyu ke nan a hannu. A Arkilla ko Mabera a yau miliyan biyu ba ta sayi fili mai kyau ba, balle a yi maganar bulo da kwano, ga shi kuma dole a fita daga gidan bariki. Ragowar miliyan shida in aka shimfiɗa ta a shekara ashirin ba tare da riba ba, 25,000 ce a wata. Da riba tana iya kai ninki biyu ko kusa da haka. Na'urar lissafin PenCom tana duba abu huɗu: shekarun mutum, namiji ne ko mace, abin da ke asusun, da albashin ƙarshe. A nan ɗan sanda ke shan kashi ta inda bai zata ba. Doka ta ce shekara 35 a aiki ko shekara 60 a duniya, duk wadda ta riga zuwa. Wanda ya shiga kurtu yana ɗan shekara 19 zai fita yana da 54, da ƙarfinsa, da yara a firamare. Tunda na'ura ta ga yana da sauran kwana a gaba, sai ta ƙara tsinka kuɗin, fanshon wata ya ƙara ƙanƙancewa. Ma'aikacin kamfanin da ke bayan tebur ba shi ya ƙirƙiro wannan lissafi ba, kuma ba shi da ikon sauya shi, amma shi ke shan zagin.

Jinkirin biya, wanda shi ya fi ɓata wa hidimar suna, yana da tushe biyu, kuma ya kamata a raba su. Na farko kasafin kuɗi ne. Duk wanda ya shiga aiki kafin ƙarshen watan Yunin 2004 yana bin gwamnatin tarayya haƙƙin shekarun da ya yi a tsohon tsari. Masu ajiye aiki a 'yan shekarun nan sun shiga ne wajejen 1990, don haka suna da kusan shekara goma sha huɗu a wancan ɓangare, kuma sau da yawa wannan kaso babba ne a cikin abin da za su samu. Doka ta ce gwamnati ta riƙa ware kashi 5 cikin ɗari na jimillar albashin ma'aikatanta duk wata a wani asusu a Babban Banki don biyan wannan bashi. Shekaru da dama abin da ake warewa bai kai ba, ko a sa a kasafi a ƙi sakin kuɗin. An daɗe kuma ana bin ƙa'idar cewa ba a fara biyan mutum sai kuɗin baya sun shigo an haɗa su da na asusun. Haka aka yi ta samun sufeto ya ajiye kaki, albashi ya tsaya cak, fansho bai fara ba, ya shekara ko fiye yana cin bashin mai shago, wasu har da haya da kabu-kabu. A watan Fabrairun 2025 majalisar zartarwa ta amince a ciwo bashin naira biliyan 758 ta hanyar takardun lamuni don share basussukan fansho, abin da ya nuna girman ramin. Kamfanin yana da wani tallafi da yake ba masu ritaya daga ribarsa don su riƙe hannu kafin kuɗinsu su fito. Abin a yaba ne, kuma duk mai shirin fita ya tambayi jami'in fansho na runduna yadda ake cike takardarsa, amma tallafi ne na rage zafi, ba ya ɗaukar gida.

Tushe na biyu yana cikin fayil ɗin mutum, kuma a Sakkwato ya fi yawa fiye da yadda ake zato. Ka duba mai zuwa tantancewa: ga shi da jakar leda, a ciki akwai takardar ɗaukar aiki da ta yi ja, an naɗe ta huɗu har ta tsage a kan layin naɗin, an liƙe da salatif daidai inda kwanan wata yake. Ga siginar ƙarin girma daga kofur zuwa saje, kwafin kwafi, tawada ta kwanta, lambar aikinsa ba a iya bambanta 3 da 8. A takardar shiga aiki sunansa Garba, a katin NIN Abubakar, a banki Bubakar. Wani Shehu ne a nan, Usman a can. Wani a makaranta an rubuta masa sunan garinsu a matsayin sunan ƙarshe, kamar yadda aka saba a ƙasar Sakkwato, ya zo yin BVN ya sa sunan mahaifinsa. Kowa a garin ya san mutum ɗaya ne, kwamfuta ba ta sani ba. Ranar haihuwa kuwa ba a magana: takardar rantsuwa ta kotu ta ce 1 ga Janairu, ta firamare ta ce wata shekarar daban.

Gyaran waɗannan ba ya yiwuwa a mako guda, don haka ga yadda masu hankali ke yi. Saura shekara uku, Yallaɓai, ba saura wata uku ba, ka je ofishin kamfanin ko wurin jami'in fansho a hedikwatar runduna ka nemi cikakken bayanin asusunka tun daga watan farko. Ka zauna da biro ka bi shi wata-wata. Inda aka tsallake wata, ka yi alama. Inda aka yi maka ƙarin girma amma abin da ake zubawa bai motsa ba, ka yi alama. Wannan ya fi faruwa a shekarun da 'yan sanda ba su shiga IPPIS, tsarin biyan albashi na bai-ɗaya na gwamnatin tarayya, ba, lokacin da ake tura kuɗi bisa jerin sunaye da muƙamai da runduna ta aika, wanda sau da yawa yana baya da gaskiya. In ka buɗe asusunka kafin watan Yulin 2019, dole ka yi sabunta bayanai, a ɗauki hotonka da sa hannunka a haɗa da NIN. In ba ka yi ba, ba abin da zai motsa a fayil ɗinka. In kana da lambar fansho biyu, abin da ya sami mutane da yawa a 2005 da 2006 sa'ad da wakilan kamfanoni ke bin bariki-bariki suna raba fom, ka faɗa tun yanzu a haɗe su. Sannan ka zaɓi suna ɗaya da ranar haihuwa ɗaya, wanda ke kan takardar shiga aiki, ka bi sauran ka daidaita su da shi. Kada ka yi akasin haka. Taɓa ranar haihuwar da ke fayil ɗin aiki neman fitina ne.

Shekara guda kafin fita PenCom ke yin rajistar masu shirin ritaya, kuma tun 2021 ta intanet ake yin ta, ta hannun kamfanin da jami'in fansho. Ana neman takardar ɗaukar aiki, shaidar haihuwa ko rantsuwar shekaru, takardun ƙarin girma, tarihin aiki mai hatimin runduna, wasiƙar gabatarwa, katin shaidar aiki da hoto. A cikin takardun ƙarin girma, wadda ta fi kowace tsada ita ce mai nuna muƙaminka da matakinka a watan Yunin 2004, don a kanta ake lissafa haƙƙin baya. In a lokacin kai saje ne amma takardar da ka kawo ta kofur ce, kuɗin kofur za a lissafa maka, kuma kwato bambancin daga baya tafiya ce mai nisa. Wanda ya tsallake rajistar shekararsa, sunansa ba zai shiga lissafin da ake kai wa kasafi ba, ya koma bayan layi.

Ranar shiga aiki ma ta zama abin tsoro. A ƙarshen Janairun 2025 hukumar kula da aikin 'yan sanda, ƙarƙashin Hashimu Argungu, ta ba da umarnin duk babban jami'in da ya haura shekara 35 a aiki ko 60 a duniya ya tafi nan take. Waɗanda abin ya fi shafa su ne masu shiga a kurtu, daga baya suka yi karatu suka koma kadet, suna ƙirga shekarunsu daga ranar kadet. Mutum yana lissafin saura masa shekara biyar, ya wayi gari an ce ya riga ya wuce. Irin wannan ba shi da rajista, ba shi da shiri. Duk mai irin wannan tarihi a fayil ɗinsa ya ƙirga daga ranar da ya fara sa kaki, ya yi shirinsa a kan haka.

Kora kuwa, wadda ƙaramin jami'i ke iya fuskanta bayan shari'ar cikin gida, a nan tsarin yanzu ya fi na da tausayi nesa ba kusa ba. A da in an kore ka, fansho da garatuti sun tafi, ko shekara talatin ka yi. Yanzu abin da aka tara a asusunka naka ne. In ba ka kai shekara 50 ba, ka yi wata huɗu ba ka sami wani aiki ba, kana iya neman kashi 25 cikin ɗari, ragowar ta jira ka cika hamsin. Masu neman a fita daga tsarin ba su cika ambaton wannan ba.

Ranar zaɓi ita ce ranar da aka fi yi wa mutane gaggawa, alhali ita ta fi bukatar natsuwa. Hanya biyu ce. Ko ka bar ragowar kuɗin a hannun kamfanin fansho yana juyawa yana biyanka wata-wata, ko ka miƙa su ga kamfanin inshora ya ɗauki alkawarin biyanka har ka mutu. Ta inshora takan fi ɗan kauri a wata, kuma ba ta ƙarewa ko ka shekara ɗari. Amma garantinta shekara goma ne: in mutum ya rasu a shekara ta shida, iyali za su sami na shekara huɗun da suka rage, in ya rasu a ta goma sha ɗaya, ba ko kwabo. Wanda ya zauna a kamfanin fansho, duk abin da ya rage a asusunsa gado ne, a raba wa magada, kuma in riba ta yi kyau akan yi masa ƙari lokaci-lokaci. Daga kamfanin fansho ana iya komawa inshora daga baya, daga inshora ba a dawowa. Ga mai mata biyu da 'ya'ya goma sha, yawancinsu ƙanana, mu dai ba mu ga hikimar gaggawar sa hannu a ƙofar da ba ta buɗuwa ta baya ba. Dillalan inshora za su nuna maka lambar wata-wata da babban rubutu. Ka ce su nuna maka layin shekara goma. Wanda kuma abin da ya tara bai isa ya ba shi fanshon da ya kai sulusin mafi ƙarancin albashi ba, wato wajen naira 23,000 a wata, ƙa'ida ta yarda ya kwashe kuɗinsa gaba ɗaya.

Akwai wata hidima da ta dace da mutanen Sakkwato ƙwarai, amma ba a cika jin labarinta a bariki ba. Kuɗin fansho rukuni-rukuni ake juya su. Wanda bai kai 50 ba ana sa shi a rukuni na biyu kai tsaye, in ya kai a mayar da shi na uku, mai ritaya na huɗu, kuma dukkansu mafi yawan kuɗin a takardun bashin gwamnati masu kuɗin ruwa suke. Tun 2021 PenCom ta buɗe rukuni na shida, wanda ba ruwansa da riba ta ruwa, ana zuba kuɗinsa a sukuk da hannun jarin da ya dace da shari'a. Ba a kai mutum can sai ya nema a rubuce. Jami'in da zuciyarsa ba ta kwanta da kuɗin ruwa ba ya tambaya, ya kuma nemi a nuna masa ribar da kowane rukuni ya kawo a shekarun baya kafin ya yanke shawara. A ganinmu wannan bayani kamata ya yi a riƙa yin sa da Hausa a taron wayar da kai, ba a bar shi a takardar Turanci da ba mai karantawa ba.

Batun gida a taƙaice: tun 2022 ana iya amfani da kashi 25 na asusun a matsayin kuɗin shiga bashin gida, in mutum ya yi wata 60 ana zuba masa kuma saura masa fiye da shekara uku. A takarda abu ne mai kyau. A aikace yana bukatar gida mai cikakkiyar takardar mallaka da bankin da zai ba da bashin, kuma ya rage abin da za a ci a tsufa. Yawancin gidajen da kofur zai iya saye a bayan gari takardar mai unguwa kawai gare su.

Sai maganar da ba a son yi. 'Yan sandan da ke aiki a gabashin jihar nan da ta ɓangaren Gudu da Tangaza sun san ana fita ba a dawo ba. In jami'i ya rasu a bakin aiki, iyalinsa na da abu biyu daban: abin da ke asusun fansho, da inshorar rai da doka ta wajabta wa gwamnati, wadda ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba. Ta biyun ba a hannun kamfanin fansho take ba, kuma tana fitowa ne in gwamnati ta biya kuɗin inshorar wannan shekarar, wani wurin da ƙarancin kasafi ke cizo. Sunan da mamaci ya rubuta a fom a matsayin makusanci ba shi ne mai gado ba; wanda za a tuntuɓa ne kawai. Ana neman takardar kotu ta izinin kula da dukiyar mamaci, da shaidar rasuwa, da wasiƙar runduna, da asusun banki na magada. Abin da ke tsayar da irin wannan fayil shekara da shekaru yawanci rikicin gida ne: ƙanin mamaci ya riƙe takardu, uwargida da amarya kowace ta kawo nata wakili, ko a tarar sunan da ke fom na mahaifin da ya rasu tun tuni ne. Jami'i ya sabunta wannan suna duk lokacin da gidansa ya sauya, ya ajiye kwafin lambar fanshonsa da takardar shiga aiki a wurin da maiɗakinsa ta sani.

Duk wannan ne ya fito da tsofaffin 'yan sanda kan titi a Abuja ranar 21 ga Yulin 2025, suna neman a cire su daga tsarin. Hujjarsu mai nauyi ce. An cire sojoji da jami'an leƙen asiri tun 2011, an cire ma'aikatan majalisar tarayya a 2023, to me ya sa mai fuskantar harsashi ɗaya da soja a dajin Isa zai zauna? A tsohon tsari mai shekara 35 yana samun garatutin ninki uku na albashin shekara, da fanshon kashi 80 cikin ɗari. Ba mai hankalin da zai ce fanshon 40,000 a wata ya fi wannan. Abin da muke jin tsoro shi ne inda kuɗin za su fito. Tsohon tsari kasafin kowace shekara yake jira, kasafin da ya kasa biyan haƙƙin shekara goma sha huɗu a kan lokaci. Kuma akwai guguwa a gaba: daga 2000 zuwa 2004 an yi shirin ɗaukar kurata dubu arba'in duk shekara, waɗannan za su cika 35 daga 2035, rututu. Dokar yanzu ta ce kashi 18 mafi ƙaranci ne, mai ɗaukar aiki na iya ƙarawa, yana kuma iya biyan kuɗin sallama daban. PenCom da kanta ta kawo shawarar a ɗaga kason gwamnati ga 'yan sanda zuwa kashi 20. In aka yi haka, aka ɗora garatuti na gaskiya a kai, aka kuma fara biyan mafi ƙarancin fansho da doka ta yi alkawari tun 2004, kurtun yau zai tsira. Wanda ya riga ya fita da 30,000 a wata kuwa, ƙarin kaso ba zai taɓa shi ba, sai an zuba masa kuɗi kai tsaye.

A ma'auninmu hidimar ta ci jarrabawar amana da ta lissafi a buɗe, ta yi rauni wajen bayani da harshen da mai asusu ke ji, musamman ga wanda ke Kebbe ko Gada da sai ya nemi izinin DPO ya biya mota kafin ya zo birni ya ji amsar tambaya ɗaya. Tun watan Yunin 2025 PenCom ta sakar wa kamfanoni ikon amincewa da yawancin biyan kuɗi da kansu ba sai an jira Abuja ba, don haka in fayil ya cika, kuɗin baya sun shigo, ba hujjar a ce maka ana jiran sa hannun hukuma. In abu ya tsaya, kada a tsaya ga baki ko kiran waya. A rubuta takarda, a sa lambar fansho da lambar aiki da ranar da aka miƙa fayil, a yi kwafi biyu, a sa a buga hatimin karɓa a kan naka. In shiru ya yi yawa a kai wa PenCom, ofishinta na shiyyar arewa maso yamma yana Kano, a haɗa da kwafin mai hatimin. Bayan nan akwai kotun ma'aikata, tana da reshe a nan Sakkwato. Lambar wayar da ke kan asusun kuma ta zama wadda ke hannunka, ba layin da ya ɓace tun kana aiki a Yabo ba, don ta nan saƙon shigar kuɗi ke zuwa.